Malam Ya'u da Alhajin Damagaram

Duk wanda ya yi ko wata guda yana bin titin Sharada da safe ya san rokar Malam Ya'u, ko da bai san Malam Ya'un ba. Babbar mota ce koriya, mai dogon hanci da bodin katako. An ƙera ta a 1976, wato ta girmi manajar kamfanin da take yi wa bauta da shekara goma sha huɗu cif. Taya shida, giya biyar, fitila biyu amma ɗaya ke ci. Aikinta ta ɗauko buhunan 'ya'yan roba daga Bompai, ta kawo Sharada inda ake saƙa tabarmi, ta kwashi tabarmin ta kai rumbun kamfanin a Challawa. Sahu biyu a rana, kwana shida a mako.

Shi Malam Ya'u mutumin wani ƙauye ne a gefen Ringim. Ya shigo Kano a 1987 yana ɗan shekara goma sha tara, da riga biyu da adireshin wani kawunsa da ya riga ya tashi daga unguwar. Ya yi shekara huɗu yana dako a Bompai, ya yi biyu yana karen mota a ƙarƙashin marigayi Idrisu direba, wanda bai taɓa yabonsa ba ko sau ɗaya. Ranar da ciwon baya ya zaunar da Idrisu, sai ya jefo masa makulli ta taga ya ce, "Kada ka kashe mini ita." Shekara talatin da biyu ke nan. A cikinsu Malam Ya'u ya auri Uwani, sun haifi bakwai, ya gina ɗaki uku a Na'ibawa. Ya ga manajoji uku da masu gadi tara. Kamfani ya sayi sababbin motoci biyar, huɗu sun mutu, shi ya ja uku daga cikinsu zuwa gareji da sarƙa, yana tafe yana danna oda don kowa ya shaida.

Abin da dai ya daɗe yana yi masa rowa shi ne birki. Da can taku ɗaya ne. Aka koma uku. Daminar bara shida, ta bana sai ya taka sau tara kafin roka ta tuna akwai wani abu wai shi tsayawa. Amma Malam Ya'u bai ɗauki wannan matsala ba, lissafi ya ɗauke shi. Ya san in zai shiga kamfani, daga teburin mai shayi zai fara takawa, taku sittin kafin ƙofa. Ya kuma san ramuka goma sha huɗu da ke tsakanin Sharada da Challawa kamar yadda ya san 'ya'yansa, uku daga cikin ramukan ma abokan aikinsa ne wajen tsayar da mota. Babbansu shi ne na bakin ƙofar kamfani. In ya yi taku na takwas, roka ta faɗa ramin nan, ta yi nishi, na tara sai ta tsaya kamar an ɗaure ta.

Sai aka yi sabuwar manaja, Hajiya Radiyya, 'yar mai kamfanin, mace mai son ganin komai tsaf. Ranar wata Lahadi ta sa aka kawo tifa biyu ta jar ƙasa, aka cike ramin, aka daddaɓe. Ba wanda ya tuna ya gaya wa Malam Ya'u.

Litinin ƙarfe tara da kwata ya taho da buhu ɗari da ashirin. Ya gaisa da mai shayi da hannu, ya fara takawa. Shida, bakwai, takwas, ya gyara zama yana jiran rami. Babu rami. Roka ta wuce sumul, ta ɗauke sandar ƙofa, ta bi ta kan bencin mai gadi, wanda Allah ya sa ya tashi cika buta, ta tafi ta cusa hancinta cikin tarin tabarmin da suka lalace. Nan ta tsaya. Malam Ya'u ya kashe inji, ya sauko, bai dubi motar ba, ya koma bakin ƙofa yana kallon jar ƙasa.

"Wa ya cike ramin nan?" ya tambaya.

"Ni ce, Baba Ya'u," in ji Hajiya Radiyya daga bayansa.

"Ranki ya daɗe, ai da an yi shawara. Ramin nan yana aiki."

Ma'aikata suka kwashe da dariya, ita kuwa ko murmushi. Malam Ya'u ya san ta tun tana 'yar firamare, ya taɓa ɗaukarta a gaban rokar nan ranar da ruwa ya cinye ƙaramar motar gidansu. Shi ya sa ba ta ɗaga murya ba, amma maganar da ta yi ta fi tsawa nauyi.

"Baba, da mutum na kan bencin nan, da yanzu wani zancen ake. Ga abin da za a yi. Ranar Asabar ƙarfe goma zan ja layi a tsakar kamfani. Ku taho da kaya cike, ku taka sau ɗaya, ta tsaya a kan layin. Abin da za a saya, kamfani zai biya. In ba ta tsaya ba, Alhaji Sanusi mai gwangwan ya daɗe yana roƙo a sayar masa, zai zo ya yanka ta ya auna. Ku kuma sai ku huta, mu ba ku gadin ƙofa."

"A kan wane bencin?"

"Za a gyara muku shi."

Malam Ya'u ya ƙirga da yatsa. Kwana biyar ke nan, in an cire ranar da ake ciki.

Makaniken da ke duba roka shi ne Mu'az, Bazazzagi mai furfura da ke da rumfa a bayan kamfani. Shekara ashirin suna tare, ba su taɓa gaisawa ba tare da tsokanar juna ba. Talata da sassafe ya kwance ƙafar baya ta hagu, noti goma, ya zaro wani ƙarfe mai kama da gwangwanin madara. Silinda ke nan, ita ke tura takalman birki su kama ƙafa in an taka. Ta tsage daga sama har ƙasa, man birki na tsiyaya ta wurin.

"Ga gawar," in ji Mu'az. "Sau biyu na yi mata walda, ƙarfen ya ƙi. Sai wata."

"A ina?"

"A 1976. In ka je ka gaishe su."

"Kai dai Bazazzagi ba ka taɓa faɗar alheri ba."

"Ku Kanawa ai ba a gaya muku gaskiya sai ku ce zagi ne. Ajiye ta nan in ɗauki hoto."

Malam Ya'u ya ajiye ta a ƙasa, Mu'az ya ƙyasta wayarsa, shi kuma ya naɗe ta a tsumma ya nufi Ƙofar Ruwa, inda ake cewa in babu kayan mota a can to ba a ƙera shi ba. Ya shiga shago arba'in da bakwai. A talatin da ɗaya aka juya silindar aka girgiza kai. A tara aka kawo masa wata da ba ta yi kama da ita ba aka ce ita ce, an dai canza mata fasali. A shida aka ce ya zauna a dubo sito, aka fita da ita, aka dawo bayan rabin awa ana gumi. Wani dattijo kuwa ya karɓe ta da hannu biyu, ya ce rabonsa da ganin irinta tun yana saurayi, ya roƙi a bar shi ya ƙara riƙewa.

Da la'asar ya danne zuciyarsa ya tafi filin Alhaji Sanusi da ke bayan Bompai. Fili ne mai cike da gawarwakin motoci da injinan kamfanonin da suka rufe, tsibi-tsibi. Alhaji Sanusi na zaune kusa da sikeli yana cin gyaɗa.

"A'a, Malam Ya'u! Har ka kawo mini somin-taɓi?"

"Alhaji, irin wannan nake nema."

Alhaji Sanusi ya dubi silindar, ya dubi wata kwantena da ke kulle a gefe, ya mayar da ido kan gyaɗarsa.

"Ka dawo Litinin. In sha Allahu zan samu guda huɗu, ɗaya dai ta tsage."

Malam Ya'u ya kai bakin titi kafin ya gane huɗun da ake nufi na jikin motarsa ne.

A nan sai an san wata al'ada ta masu kayan mota. Mai shago ba ya son cewa babu. In ba shi da abu, zai tambayi wani, wanin ya tambayi wani, in an samu kowa ya ɗora ɗan abin cefanensa. Don haka abu biyu ne ba a faɗa ko da wasa: inda ka samo kaya, da wanda zai saya. In ka faɗa, gobe sai su haɗu su tsallake ka. In an matsa maka da tambaya, sai ka ba mai sayen wani gari mai nisa, ka kuma ɗan ƙara masa girma don mai kaya ya motsa da wuri.

Laraba da hantsi Malam Ya'u na zaune a inuwar roka, sai ga wani siririn mutum da jaka a hammata yana zagaya ta, yana leƙa ƙarƙashi. Ya yi sallama ya ce sunansa Dalhatu, ɗan kamasho ne, an ce masa duk Kano mutum ɗaya ne ke da irin motar nan. Ya zaro ɓallin kwali da lamba a jiki.

"Silindar ƙafar baya ake nema. Ko kana da ita?"

Malam Ya'u ya karanta lambar sau biyu. Ita ce.

"Wa ke nema?"

"Haba Malam, kai ma ka san ba a haka." Dalhatu ya waiwaya, ya yi ƙasa da murya. "Wani Alhaji ne daga Damagaram. Irin motar nan goma sha biyu gare shi."

Goma sha biyu! Malam Ya'u ya shiga lissafi. Mai roka goma sha biyu ba zai rasa biyu ko uku da suka kwanta ba. In ta hagu yake nema, ƙila yana da ta wata matacciya da bai duba ba, ko ya san inda ake samu a Nijar, ko a yi musaya da wani abu. Ko ba komai, shekara goma rabon Malam Ya'u da ya ga wani mai irin motarsa.

"Ina da ita," ya ce. Bai yi ƙarya ba, tana cikin tsumma a ƙarƙashin kujera. "Amma ba na ciniki sai na ga mai mota ido da ido."

Dalhatu ya yi magiya, ya yi rantsuwa cewa Alhajin ba ya son ganin mutane. Da ya ga dattijon ya kafe, sai ya amsa cewa shi ma bai taɓa ganin Alhajin ba, wani Mujahid mai sayar da bel da boris a Challawa ne ya ba shi aikin. Ya sa Malam Ya'u ya yi alkawari sau uku cewa ba za a tsallake shi ba, sannan suka hau adaidaita sahu. A ƙofar shagon ya nuna da baki ya juya, yana da wasu wuraren dubawa.

Mujahid ya yi awa biyu yana zillewa. Aka yi azahar tare, aka ci shinkafa da wake tare, sannan ya buɗe baki.

"Gaskiya Alhajin babban mutum ne. Roka bakwai."

"An ce goma sha biyu."

"To, ƙila ya ƙaro. Ni dai wani mai walda a Bompai ne ya yi mini waya."

Kafin Malam Ya'u ya ratsa gari ya kai Bompai, hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge, mai walda ya rufe ya tafi. Laraba ta ƙare. Ya koma gida jiƙe sharkaf, amma baki har kunne. Ya gaya wa Uwani ya kusa kama wani attajiri. Ta ce Allah ya sa, ta kuma tambaye shi ko attajirin ya san ana binsa.

Alhamis ƙarfe takwas yana ƙofar mai walda. Mutumin ya ɗaga baƙin gilashinsa ya dube shi.

"Alhajin Damagaram? Eh, haka na gaya wa Mujahid. Motoci uku."

"Uku kuma?"

"Uku ko biyu. Kuma Damagaram ɗin, ka gane, ni na ga ya fi kama da mutumin can."

"Ka gan shi ke nan?"

"A'a. Mai faci ne ya turo mini, na bakin titin Zariya a Na'ibawa."

Malam Ya'u ya yi masa godiya ya fito. Kwana ɗaya Alhaji ya yi asarar mota tara. Amma ko uku ne ai sun isa. Ya hau adaidaita ta bakwai tun jiya, ya sauka a Na'ibawa, taku ɗari uku da gidansa. Mai facin ma ya san shi, shi ke yi wa keken ɗansa iska.

"Malam Ya'u! Kai ne mai kayan? Ikon Allah, ga shi kusa muna ta wahala. Mota ɗaya ce, ta wani bawan Allah, makanikensa ne ya turo mini hoto. Tsaya ka gani."

Ya miƙo waya. Ga silinda a ƙasa, tsage daga sama har ƙasa. A gefen hoton kuma ga ƙafar mutum cikin silifa ruwan toka, an ɗaure maɗaurinta da jar wayar lantarki. Malam Ya'u ya dubi hoton. Ya sunkuya ya dubi ƙafarsa. Mai faci ya bi idonsa, ya dubi ƙafar, ya dubi wayar, sai ya zauna daɓas a kan taya yana dariya har da tari.

"Kwana nawa ka yi kana neman mutumin?"

"Rufe mini baki. In na ji zancen nan a masallaci, kai ne."

Ƙarfe biyu ya isa rumfar Mu'az, ya tsaya a kansa.

"Kai Bazazzagi, wa ka tura wa hoton ƙafata?"

"Mai faci. Na ce ya taya mu cigiya. Laifi ne?"

"Ka san ni ne Alhajin Damagaram?"

Sai da ya ba da labarin tun daga Dalhatu har zuwa silifa. Mu'az ya ajiye sifana, ya kwanta a kan kwali yana dukan ƙasa.

"Ranka ya daɗe Alhaji! Ina sauran sha ɗayan? A ba ni gyaransu mana!"

"Yi dariyarka. Jibi war haka suna yanka ta, kai ma ka rasa abin kwancewa."

Wannan ta sa Mu'az ya tashi zaune. Suka juya suna kallon roka a kan jak, ƙafa ɗaya a cire. Kwana biyu sun tafi a banza, saura Juma'a kaɗai. Malam Ya'u ya kai hannu ya shafa katakon bodin, wanda shi da kansa ya canza sau uku.

Wayar Mu'az ta yi ƙara. Mai faci ne, yana magana yana haki. Mai walda ya kira shi, Mujahid ya kira mai walda, Dalhatu ya kira Mujahid. An samu. Sababbi fil guda biyu, cikin takardar maiƙonsu, a kwantenar Alhaji Sanusi mai gwangwan, cikin kayan wani kamfanin sufuri da ya saya tun da daɗewa. Da ya ji mai roka goma sha biyu ne, da kansa ya buɗe kwantenar. Ya ce a ba Alhaji a farashi mai sauƙi don a saba, a kuma gaya masa daga ranar Asabar akwai mota guda sukutum da za a kwance, duk abin da yake so ya aiko.

Mu'az ya kashe waya. Suka dubi juna.

"Yana da ita ranar Talata ke nan," in ji Malam Ya'u a hankali.

"Yana da biyu."

"To yanzu in na yi shiru, na yi ƙarya?"

"Kai ka ce kana da mota goma sha biyu?"

"A'a."

"Ka taɓa zuwa Damagaram?"

"Ko Maigatari ban wuce ba."

"To me ka faɗa? Alhaji Sanusi da kansa ya sa kuɗin kayansa da bakinsa, za a biya shi cif. Ka bar Alhajin Damagaram ya yi sayayyarsa."

Malam Ya'u ya yi tunani na tsawon kofin shayi guda, ya ce sharaɗinsa ɗaya: kada a tsallake kowa, duk wanda ya sa baki ya ci rabonsa. Ya je ya gaya wa Hajiya Radiyya an samu, ta sa aka ba da kuɗin ba tare da ta ɗago daga takardunta ba.

Wannan sharaɗi shi ya kusa kashe shi ranar Juma'a. Daga filin Alhaji Sanusi zuwa Sharada kilomita goma sha uku ne. Amma kaya sai sun bi hannun da cigiya ta bi. Dalhatu ya karɓa a Bompai ƙarfe tara, ya nufi Challawa wurin Mujahid. Ƙarfe goma da minti goma Malam Ya'u na tsaye a bakin ƙofar kamfani, ya ga adaidaita ta wuce da Dalhatu a baya rungume da kwali. Taku biyar tsakaninsu. Dalhatu ma ya ɗago masa hannu ya yi ihu, "Mun samu a wani wurin, Malam, sai wani jiƙon!" Malam Ya'u ya ɗaga hannu, ya bi kwalin da kallo har ya ɓace.

Daga Challawa kwali ya koma Bompai wurin mai walda, aka tsaya sallar Juma'a, ya taho Na'ibawa, mai faci ya kawo shi Sharada da kansa don ya ƙara kallon silifar. Kusan kilomita sittin, hannu huɗu, awa bakwai da rabi. Ƙarfe huɗu da rabi Mu'az ya yage takardar maiƙo, ya gwada sabuwa da tsohuwa baki da baki, ya ce, "Uwa ɗaya uba ɗaya."

Suka ɗaura duka biyun, hagu da dama. Aka zuba mai, aka shiga cire iska, Malam Ya'u a sama kan birki, Mu'az a ƙasa da sifana.

"Taka! Taka! Riƙe!"

"Na riƙe."

"Ka riƙe ko kana tunanin motocinka na Nijar? Saki! Taka!"

Sau ashirin da shida suka yi a ƙafa huɗu. A na ƙarshe birki ya yi tauri a ƙarƙashin ƙafar Malam Ya'u, irin taurin da ya manta da shi. Ana kiran magariba suna ɗaure noti na goma.

Asabar tun tara da rabi Alhaji Sanusi ya iso da motar janwe da tukwanen gas biyu na yankan ƙarfe. Ya zagaya roka yana ƙwanƙwasa ta da makulli, yana kiyasin nauyi a fili don Malam Ya'u ya ji. Hajiya Radiyya ta sa aka ja farin layi a tsakar kamfani. Ma'aikata suka bar injina suka fito, mutum tamanin da wani abu, mai gadi ya ɗauke sabon bencinsa ya kai bayan masallaci.

Aka loda buhu ɗari da ashirin. Malam Ya'u ya fita titi, ya juyo, ya taho. Yana zuwa daidai teburin mai shayi, ƙafarsa ta yi abin da ta saba, ta taka. Roka ta yi ƙara ta dasa tayoyinta a wurin. Buhu huɗu suka zubo, hular Malam Ya'u ta bugi gilashi, mai shayi ya zubar da madara. Tsakaninta da layi taku tamanin.

"Ba ta tsaya a kan layi ba!" in ji Alhaji Sanusi da ƙarfi. "Hajiya, kowa ya gani!"

"Na gani," in ji Hajiya Radiyya, tana danne dariya da gefen mayafi. "Na ce ta tsaya a kan layi, ban ce sau nawa za a gwada ba. Baba, ku sake."

Na biyu ya daure har ƙofa, ƙafar ta ci amanarsa, saura taku goma sha tara. Ya sauko ya sha ruwa. Mu'az ya matso ya ce masa ya cire silifa ya naɗe ƙafar a kan kujera, kada ya sauke ta sai ya ga layi ya shige ƙarƙashin hancin mota. Haka ya yi. Ya taho yana salati, ya wuce mai shayi, ya wuce ƙofa, mutane suka fara ja da baya, sannan ya sauke ƙafa sau ɗaya. Tayar gaba ta tsaya a kan farin fenti, ta ɗan taɓa shi da kamu guda.

Ihu ya tashi. Hajiya Radiyya ta zo ta duba tayar, ta duba layin.

"Baba Ya'u, Litinin akwai sahu biyu. Kuma duk wata uku Mu'az zai kawo mini rahoton birkin nan da hannunsa."

"An gama, ranki ya daɗe."

Alhaji Sanusi ya sallami motar janwe. Ya daɗe yana kallon ƙafar baya, amma silinda a cikin ƙafa take, ba a ganinta daga waje. Ya jawo Malam Ya'u gefe.

"Tsakaninka da Allah, ina ka samo?"

"Haba Alhaji. Kai da ka girme ni a harkar, ka taɓa jin an faɗa?"

Alhaji Sanusi ya yi ƙwafa, ya gyara hula. Sai kuma ya sassauta murya, ya dafa kafaɗarsa.

"Shi ke nan, rabonka ne. Amma ka jefa ni a kunya. Akwai wani babban mutum daga Damagaram, na riga na aika masa cewa yau zan kwance mota guda. Irin taka goma sha biyar gare shi."

"Sha biyar?"

"Wallahi haka aka gaya mini jiya. Don Allah in ka ji labarin wata roka da ta kwanta, ko a ina take, ni za ka fara gaya wa. Ba zan tsallake ka ba."

"In na ji, Alhaji, kai ne na farko."

Mu'az, da ke tsaye a bayansu, ya ce wai ya manta sifana a ƙarƙashin mota. Ya rarrafa ya shige, aka daɗe ana ganin ƙafafunsa suna rawa saboda dariya.